Fulawa a Ɗanwaken Sailuba

Sailuba ta iso gidan iyayenta a Kurgu goyon ciki da 'yar tukunyarta, da ludayinta, da ƙullin garin da ta niƙa da kanta, sai ka ce mai ƙaura. Matan gida suka yi ta dariya. Ita kuwa ko a jikinta, don ita ta san abin da ta sha kafin cikin nan ya zauna.

Shekaru ta yi tana fama a gidan aurenta a Kaoje. Ƙuraje masu ruwa sukan feso mata a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gadon baya, da ƙaiƙayi kamar an baɗa mata barkono. Ga gudawa, ga rama, ga ɓari har sau biyu. Wasu suka ce ƙazuwa ce, wasu suka ce sammu ne, kowa ya zama likita. Sai da mijinta Haliru, mai fataucin albasa zuwa ƙasar Benin, ya gaji ya kai ta asibiti a Sakkwato aka gano cutar: siliyak.

Likita ya ce hanjinta ba ya jituwa da wani sinadari mai suna gulutin da ke cikin alkama da sha'ir. Ko kaɗan ya shiga, sai hanjin ya lalace, abinci ya daina amfanar jiki, fata ta nuna. Maganin kawai ta bar su har abada. Sailuba ta yi ban kwana da dogon burodin ƙetare da Haliru kan kawo mata tsaraba, da taliya, da fanke, da alkaki. Ta riƙe shinkafa da gero da wake da rogo da kifi. A hankali ƙurajen suka bushe, ta yi ƙiba, ciki ya zauna.

Mahaifiyarta, Inna Barira, ba ta taɓa yarda da wannan zance ba.

"Wace irin cuta ce wagga da ka hana mutum burodi?" ta ce. "Mu da muka haihi goma ba a hana mu komi ba."

"Inna, ko a bakin cokali ba na so," in ji Sailuba. "Ku yi min dariya, na ji. Ba dai zan ci ba."

Amma Inna ta hana ta shiga madafa, wai mai tsohon ciki ba ta girki a gidan uwarta. Kullum ita ke yi mata ɗanwake, abin da Sailuba ta fi so tun tana yarinya, da manja da yaji. Wa zai tuhumi hannun uwarsa? Sailuba ta ci, ta suɗe kwano, ta yi godiya.

Ba a jima ba ƙaiƙayin ya dawo, gudawa ta biyo baya. Tafin hannunta ya yi fari fat, ko tashi ta yi sai jiri ya kwashe ta. Ta bi duk abin da take ci ɗaya bayan ɗaya, ta rasa inda ɓarnar take. Tsoro ya kama ta, ba don kanta ba, don abin da ke motsi a cikinta.

Wata safiya ta leƙa madafa neman ruwan zafi. Me za ta gani? Inna ce tsugune tana ɗibar fulawa daga wata leda tana zubawa cikin garin ɗanwake.

"Inna! Tun yaushe?"

"Tun randa kika zo," in ji Inna, ko kunya babu. "Kaɗan-kaɗan nike sa miki don jikinki ya saba. Haka aka yi ma yaro mai ƙin abinci. Ni ɗiyata zan cuta?"

"Ba ya sabawa, Inna! Fulawar nan cina take yi!"

Nan take ta kira Haliru ya zo ya ɗauke ta. Matan gida suka taru a kanta, wai abin kunya ne mace ta bar goyon ciki ba ta haihu ba, me garin zai ce? Sailuba ta ɗaura gyalenta ta ce garin ya faɗi abin da ya ga dama. Ta durƙusa ta gaida uwarta kamar yadda ta saba, ta miƙe ta fita.

Sai dai an makara. A asibitin Bagudo aka tarar jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa mata jini, amma naƙuda ta zo kafin lokaci. Ta haifi namiji ɗan mitsitsi, bai kai ranar suna ba ya koma.

Da Inna ta zo ta'aziyya, sai ta yi ta kuka tana faɗin haka Allah ya ƙaddara, mata suna taya ta. Sailuba ta ɗago kai, ta nannaɗe hannun rigarta, ta nuna wa kowa ƙurajen da ta saba ɓoyewa.

"Na yarda da ƙaddara, Inna, kuma na yafe miki," ta ce. "Amma fulawar nan hannu ne ya zuba ta. Ku duba da kyau, ku faɗa wa duk mai cewa iyayi nake."

Ba wadda ta iya ɗaga ido a ɗakin.

Jama'a, mai cutar siliyak ba tsirfa yake ba, kuma jikinsa ba zai taɓa sabawa da alkama ba, komai ƙanƙantarta. Wanda likita ya hana wa abinci, kada ku ɓoye masa shi a kwano da sunan ƙauna. Ƙaunar da ba ta saurara tana iya kisa.