Ledar Sabon Kanti

Ganyen dogon yaro ya taru a ƙofar Inna Dela, ba a share ba. Khairiyya tana kan babur ta hango shi da wutsiyar ido daga bakin lungu, ta ƙara wa motonta wuta ta wuce.

Inna Dela tsohuwa ce mai sayar da kayan miya a ƙofar gidanta a unguwar Zango. Ita kaɗai take zaune tun da ɗanta Illiya ya koma Yamai da aikin tuƙi. Matan lungun duk a teburinta suke haɗuwa da safe, a gaisa, a yi tsegumi, a sayi daddawa da kuka, ta ƙara wa kowa gyara. In ta yi tari, kafin azahar wata ta kawo mata magani.

Sai aka fara gina benaye a bakin titi, ma'aikata suka cika su. A ƙasan ɗaya aka buɗe babban kanti mai ƙofar gilashi da sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Tumatir a jere, nama a firigo, komai a koriyar leda mai tambarin kantin.

Ranar da Khairiyya ta fara dawowa da ledar nan, ta gaban teburin Inna ta bi. Tsohuwar ta dubi ledar ta yi dariya.

"Amarya, an zama Nasara ke nan? Su ma suna ba da gyara?"

"Kai Inna, madara ce kawai na sayo."

Albasa kuwa tana leƙowa ta bakin ledar. Kunya ta rufe Khairiyya. Daga ranar ta daina bin lungun, sai ta zagaya ta bayan masallaci. Ba ta san cewa sauran matan ma abin da suke yi ke nan ba.

Da yammacin ranar da ta ga ganyen, ta haɗu da maƙwabciyarta Habi a wajen biyan kuɗi a kantin.

"Yaya Habi, kin ga Inna kuwa? Ban ga teburinta a waje ba."

"Wa zai fitar da tebur babu mai saye? Fushi take da mu, kin san halinta. Ni dai ba zan je ta wanke ni tas ba. Bari ta huce tukuna."

Khairiyya ta ji wani sauƙi a ranta. Ƙofar da ke rufe ba ta da idon da zai kalli leda.

Washegari ganyen ya ƙaru. Wata akuya ta kwanta a kan dakalin da Inna ba ta barin ko kaza ta hau. Khairiyya ta rage gudu. Ta tsayar da moto, sai ta tuna da ledar da ke rataye a hannunsa. Ta ce bari ta kai kayan gida ta dawo hannu sake. A gida ga girki, ga wanki, ga baƙin mijinta. Ba ta dawo ba.

Wadda ta buga ƙofar ba 'yar lungun ba ce. Rasmata ce, wata Bamosa, 'yar ƙabilar Mosi, da ke kawo wa Inna daddawa daga unguwar Larle. Ta yi ta kiran "Yaaba! Yaaba!", wato kaka a harshensu, ba amsa. Ta leƙa ta taga, ta saki ihu.

Da maza suka ɓalle ƙofar, a tsakar ɗaki suka same ta, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, leɓenta sun tsage don ƙishi. Randa tana kusa da ita, amma hannunta bai kai ba. Da sauran numfashinta 'yan pampiye, ma'aikatan agajin gaggawa, suka ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya ce ba faɗuwar ce ta fi yi mata illa ba, daɗewar da ta yi a kwance ce. Ba ta kai la'asar ba.

Illiya ya iso bayan an yi jana'iza. Matan lungun suka shiga yi masa gaisuwa, Khairiyya tana can baya.

"Sai haƙuri, Illiya," in ji Habi. "Inna uwarmu ce mu duka."

Ya ɗago kai. "Na gode, Yaya. Cikinku wa ya gan ta ƙarshe? Ina so in ji ko ta bar mini wata magana."

Kowace ta dubi ta kusa da ita. Illiya ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana jira. Khairiyya ta miƙe. Ta ja mayafinta, ta laluɓi takalmanta a bakin ƙofa, ta fita.

Jama'a, sabon kanti ba laifi ba ne, kowa da inda yake so ya yi cefanensa. Amma kada kunyar ciniki ta hana mu gaisuwa. In ƙofar maƙwabci ta kwana a rufe, musamman tsoho mai zaman kaɗaici, a buga ta a ranar, ko me ke hannunmu.