Mutumin Fayil na 318

Karo na huɗu ke nan tun safe da Auta ta danna fayil na 318, kuma karo na huɗu aka ɗauka aka yi shiru.

"Malam, na san kana ji na," ta ce, tana gyara abin sauraren da ya matse mata kunne. "Kwana arba'in da bakwai ke nan. Yaushe za ka biya?"

Numfashi kawai. Can nesa ƙarar ƙofar ƙarfe, ana buɗewa ana rufewa.

Watanta uku a kamfanin ba da rancen kafin albashi, a dogon ɗaki mai tebura ashirin da fanka ɗaya mai kuka. Kwamfuta ce ke kira. Ba a nuna wa ma'aikata suna ko lambar waya, don kada wani ya haɗa baki da mai bashi ta bayan fage. Abin da ke gabanta kawai: namiji, ma'aikaci, ya ci rance sau uku, kowanne don ya toshe na baya, ruwa ya ninka uwar kuɗin.

Ta saba da masu zagi, da masu rantsuwa, da masu cewa mai wayar ya rasu jiya. Wannan kuwa ba ya zagi, ba ya roƙo, ba ya kashe waya. Sai ya saurare ta har ta gaji don kanta. Abin nan yana ci mata rai fiye da ashar.

Ga shi aikin bai zo da sauƙi ba. Shekara biyu tana zaune a gida da takardunta, sai da ta yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku kafin a ko kalle ta. Ranar da ta kawo takardar kuɗin kwas ɗin, Baba, wanda ke gadi a wani ɗakin ajiyar kaya, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce Allah zai rufa asiri. Ya kuwa rufa. Har takalmi da jaka aka sayo mata.

Kwanan nan gidan ma ba daɗi. Baba ya rage magana, ya rage ci. In ta dawo tana masifar mutanen da ba su da tsoron Allah, masu cin kuɗin mutane su yi lamo, sai Mama ta ce, "Ke dai ci abincinki." Baba kuwa ya tambaye ta ko maƙogwaronta ya daina ciwo, ya tashi ya fita.

Da la'asar shugabar sashe, wadda suke kira Ƙarfe a bayan idonta, ta tsaya a kanta da takarda.

"Kowa ya rufe nasa, ke kina nan kina hira da kurma. In aka tashi yau babu alkawarin biya a kan 318, gobe kada ki wahalar da kanki zuwa."

"Ranki ya daɗe, ba ya magana ne."

"To ki sa shi ya yi. Ki ce za mu kira wurin aikinsa. Ki ce za mu tura hotonsa ga duk wanda ke cikin wayarsa."

Auta ta dubi agogo. Saura minti ashirin a tashi. Ta tuna zaman gida, da maƙwabta masu tambayar har yanzu shiru? Ta danna fayil ɗin da ƙarfi har linzamin kwamfutar ya zame.

Aka ɗauka.

"Ka saurare ni da kyau, don wannan ne na ƙarshe," ta ce. "Gobe da safe maigidanka zai san kai wane ne. Matarka za ta ga hotonka an rubuta maci amana. 'Ya'yanka ma za su gani. Kai wane irin uba ne? Ka ci kuɗi ka lashe baki, ni kuma za a kore ni daga aiki saboda kai! Me na yi maka? Ka buɗe baki ka yi magana mana!"

Na teburan kusa suka juyo suna kallonta. Ƙarfe ta harɗe hannu tana jira.

Sai aka ja dogon numfashi a wayar, aka yi gyaran murya, irin wanda Auta take ji ta bayan labule kowace safiya tun tana rarrafe.

"Ba za a kore ki ba, Auta," in ji Baba. "Rubuta musu, ranar Litinin zan biya."