Ɗorin Malam Barau

Da rana tsaka aka shigo da Lawwali a amalanke, jikinsa fari fat, ƙafarsa ta dama tana reto. Ramin haƙar farar ƙasa ne a bayan Ƙanƙara ya zubo masa.

Abokan aikinsa suka ce ya yi sa'a biyu: ya fito da rai, kuma ubansa ne Malam Barau maɗori. Daga Faskari har Sabuwa, duk wanda ya karye nan ake kawo shi, ba a taɓa jin ɗorinsa ya goce ba.

Tsohon ya kori kowa daga ɗakin, abin da bai saba yi ba. Daga zaure ana jiyo ihun Lawwali. Ya yi shiru, can kuma ya kurma wani wanda ya fi na farko.

Damina ta ƙare yana kwance ana shafa masa man shanu. Bakinsa dai bai karye ba, kullum zancen rami. Can ne abincinsa, da shi yake riƙe da iyali. Can kuma yayansa Shamsu ya shiga bai fito ba, amma wannan zancen ba a tada shi a gidan.

"Baba, yaushe za a kwance ɗorin? Kar su ba wani gurbina."

"In lokaci ya yi," in ji tsohon, idonsa a ƙasa.

Da aka kwance karan ɗorin, ƙafa ta warke sarai, sai dai ta gajarce, ta karkace kamar lauje.

Haka ya ja ta zuwa wurin aiki. Mai ramin, Alhaji Zailani, ya dube shi sama da ƙasa.

"Da wannan ƙahwar za ka sauka? In ka hwaɗo mi zan ce ma Malam? Zamna nan ka riƙa ɗinke buhu."

Ƙato kamar Lawwali, yau shi ne da basilla a hannu! Ya dawo gida ya zazzaga wa ubansa baƙar magana a gaban jama'a, ya daina gaishe shi. Gari ya ɗauka cewa hannun tsoho ya mutu. Masu karaya suka sauya hanya, awaki suka gaje zauren. Abin gwanin tausayi.

Malam Barau bai taɓa kare kansa ba. Shi kaɗai ya san cewa ran nan ya haɗa ƙashin ɗansa daidai, ya shafa ya ji ya zauna tsaf, ya tuna cewa lafiyayyar ƙafa rami za ta koma, sannan ya danne gwiwar, shi kansa yana kuka, ya murɗe ƙashin.