Layin Marigayi

Ranar rufe zango, shugabar aikin ginin asibitin ta tsaya gaban allon manufofi, tsumman gogewa a hannunta. Wata uku tana fama da masu zane, magina da masu haɗa wuta don su haɗa kai, amma kowa ya kama gabansa. Babu layin da ya kai adadin da aka sa masa.

Sai na can ƙasa: hanyar keken guragu a ƙofofi biyar. Aikin tsohon injiniyansu ne, wanda suka binne makonni shida da suka wuce. An rubuta biyar cikin biyar.

"Wa ya ƙarasa wannan?"

Babban magini ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, ko shawara ba mu yi ba. Can muka tarar da juna."

Ta ajiye tsumman.