Modem Ɗin Kasuwa

Da ƙarfe goma saura, tsohon direban ya zare modem ɗin kamfani daga jikin waya, ya naɗe shi a tawul, ya tura ƙarƙashin gado. Sannan ya jona na kasuwa, wani baƙin akwati mai ƙaho biyu da ya saya a wurin masu kayan gwanjo.

Fitilar ta kawo ja, intanet ya ɗauke. Ya gyara zama.

Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya sha gaya masa cewa farantin intanet da ke kan rufin ba ya jin yaren kowane modem sai na kamfaninsu. Wanda ya sayar masa ma ya faɗa masa haka tun kafin ya miƙa masa kayan. Tsohon ya ce ya ji, a sa masa a leda.

Goma daidai ya kira layin ƙorafi. Namiji ne ya ɗauka, ya kashe. Ya sake kira, wata mai saurin baki ta ɗauka, ya kashe. A karo na uku wata daban ta ɗauka, ya bari aka gama gaisuwar.

"Intanet ɗina ya ƙi," ya ce.

Ma'aikaciyar ta ce, "Ranka ya daɗe, wane modem ne a jone?"

"Baƙi. Mai ƙaho."

"Na kamfani kaɗai ke aiki da faranti. An yi maka bayani ranar Litinin, an yi maka ranar Laraba."

"Na manta. Tsufa."

Ma'aikaciyar ta bi da shi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, murya ba yabo ba fallasa. Ya kashe modem ɗin, ya ƙirga talatin, ya kunna. Ya ƙirga a hankali, har ya koma baya a sha bakwai.

"Ka duba soket ɗin bayan kabad, yana motsi," ta ce. "Kada ka duƙa da sauri."

Bai duƙa ba. Yana zaune da wayar a kunne, idonsa a rufe.

"An rubuta a fayil ɗinka," ta ci gaba. "In aka sake samun baƙon modem a layin nan, za a yanke shi gaba ɗaya. Daga nan ba ka da damar kiran wannan lambar."

"Saura sau nawa?"

"Wannan ne na ƙarshe."

Ya dubi agogo. Minti goma sha ɗaya, ya fi na Laraba da biyu.

"To, a sake min bayanin daga farko," ya ce. "A hankali."

Ta ja numfashi, ta fara. Ba ta da zaɓi. Dokar kamfani ta hana ma'aikaci kashe wa kwastoma waya, ko da kwastoman mahaifinta ne da ta toshe lambarsa shekara uku, tun ranar da ya sayar da keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarta.