Gonar Agwagi

Agwagin daji fiye da dubu suna sauka a gonar masarar, sai ya ga Inna ta zare mayafinta.

Wata shida yana aikin sa kai a gandun tsuntsayen nan na bakin teku, sai yau aka ba shi jagorancin baƙi, kuma doka ɗaya ce: a yi shiru. Ya ɗauko mahaifiyarsa tun daga garin Laurel, inda suke zaune, don ta ga ɗanta yana ba Turawa umarni. Ya manta shekara arba'in ta yi tana gadin gero a gida, tana korar tsuntsaye.

Ta kaɗa mayafin, ta kurma ihu. Sama ta cika da fukafukai, masu kyamarori suka juyo suna kallonsa.

"Inna, don su aka shuka masarar," ya ce ƙasa-ƙasa.

Daga baya, a gidan abinci, aka zube masa kaguwa da 'yar gudumar fasa ɓawonta. Ta daɗe tana kallonsa yana ƙwaƙular naman da bai kai loma ba.

"Allah sarki," ta ce. "Tsuntsu na cin masara, ɗana na cin ƙwaro. Da ka faɗa min, ai da na taho maka da gero."