Maɓallin Kora

"Mai maɓallin kora za mu ɗauka, ko a fasa!" Ashraf ya buga teburin kafen intanet na Farin Gada.

Makonni ke nan ya hana tsofaffin 'yan ajinsu zaɓar manhajar dandalin hirarsu. Tina ta kawo mai sauƙi, ya ce ta yara ce. Pam ya kawo mai saurin buɗewa, ya kira shi bagidaje.

"Oga, wa za ka kora? Mu nawa ne duka?" in ji Pam.

"Masu zagin mutane!"

Suka gaji, suka ɗauki tasa.

Washegari Ashraf ya sayi tikitin hawa intanet a kafen, ya shigar da sunansa a dandalin. Shafin ya ƙi buɗewa. Ya kira Pam a fusace.

"Manhajar nan ta lalace!"

"Lafiyarta lau, oga. Jiya muka gwada maɓallin a kan mai zagin mutane."